Wasiƙa daga Maradi: wa ya taɓa izinin Access ɗin Alhaji?

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lahiya, ya aiki, ya iyali, ya zahin Kwatano? Mu nan Maradi Alhamdulillahi, an gama yankan gero, wake ya fara shigowa kasuwa, motocin aya sai lodi ake. Na ga tsohuwarka ran Juma'a, lahiyarta lau, ta ce in gaya maka ka riƙa kira mana ko da minti biyu ne.

To abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda maimakon in yi maka vokal, tsohon aikinka ne ya tashi. Ka tuna Access ɗin nan, manhajar Microsoft ta ajiyar bayanai, da ka haɗa ma Alhaji kafin ka tahi, na kayan magazan da basussuka, wanda ka raba mutane rukuni uku, 'yan Kes da 'yan Magazan da Kontabul, wato masu karɓar kuɗi da masu kula da kaya da mai lissafi? Har yau shi muke amfani da shi, fayil ɗin .mdb, inda bayanan ke zaune, na zamanin 2003, babu wanda ya yi ƙarfin halin canza shi. Sai kwanan nan abu ya rikice, yaron magazan da aikinshi kawai ya shigar da buhu nawa ya shigo buhu nawa ya hita, aka wayi gari shina ganin tabul ɗin basussukan wata, sunan kowa da abin da ake binshi, har ma zai iya gogewa in ya ga dama. Ita kuma kontabul da take buɗe komai tun da daɗewa, ta danna tabul ɗin farashi inji ya ce mata ba ta da izini. Ka san halin Alhaji, nan take ya ce yaron ne ya yi kutse, a sallame shi. Kuma wallahi yaron shi da kanshi ya zo ya faɗa cewa ga abin da ya gani, ɓarawo ai ba ya kai rahoton kanshi.

Na roƙi Alhaji ya ba ni lokaci in duba. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne da na buɗe wurin izini na danna sunan yaron, akwatunan duka wayam, ko maki ɗaya babu. To ta ina ya shiga? Ashe wurin nan izinin da aka ba mutum da sunanshi kawai yake nunawa, ba ya nuna wanda ya gada daga rukuni, kuma Access tarawa yake, in ɗaya daga cikin rukunanka na da izini to ka samu, ko da an hana ka ta wani ɓangaren. Sannan kowa da kowa dole shina cikin rukunin Utilisateurs, wato rukunin duk masu amfani da Access yake zuwa da shi, ba a iya cire mutum daga ciki. Da na koma na danna Utilisateurs ɗin kan tabul ɗin basussukan wata, sai ga maki reras, karantawa, gyarawa, gogewa, duka.

Nan hwa zan ɗan ja kunnenka, kada ka ji haushi. Tabul ɗin nan ba tsayayye ba ne, duk ƙarshen wata kontabul na danna maɓallin da ka yi mata, shi kuma ya share tsohon tabul ya ƙirƙiro sabo da suna ɗaya. Izinin da ka ɗaura ma tsohon ya bi shi kabari tun ranar farko, sabon kuma abin da aka tsara ma sababbin tabul yake ɗauka, kuma a layin nan na sababbin tabul da rekat (tambayoyin da ke zaro bayani daga tabul) ka bar ma Utilisateurs komai a buɗe yadda Access yake zuwa da shi. Wato ƙofar ta daɗe a buɗe shekara da shekaru, abin da ya rufa asiri kawai shi ne menu ɗinka da ke ɓoye jerin tabul, ran da aka buɗe fayil ɗin a sabuwar kwamfutar da Alhaji ya sayo jerin ya bayyana a gefen hagu, yaro ya ga abin da bai taɓa gani ba ya danna. Na cire makin Utilisateurs daga can, kuma ina so in canza maɓallin ya riƙa share layukan ciki ya zuba sababbi, tabul ɗin ya zauna inda yake da izininshi.

Sabuwar kwamfutar nan ma ta so ta tsinka mana zuciya. Mai gyaran da ya zo haɗa ta bai kwafo gajeriyar hanyar da ka yi a kan allo ba, wadda ke da /wrkgrp a ciki tana nuna ma Access inda fayil ɗinmu na .mdw mai riƙe sunaye da kod yake, danna .mdb ɗin kawai ya yi sau biyu. Sai Access ya ɗauki System.mdw nashi na gida, bai tambayi suna ba bai tambayi kod ba, ya shigar da mutum a matsayin Administrateur, asusun da Access yake zuwa da shi, rukunanka uku kuma babu su babu alamarsu. Kontabul har ta fara salati wai an goge komai. Ba a goge komai ba, sunaye da rukunai da kod suna zaune cikin .mdw, izini kuma shina cikin .mdb ɗin kanshi, in ba a haɗa biyun daidai ba sai ka ga kamar aljanu sun shiga buro. Abin da ya hi tsorata ni a nan shi ne Administrateur da Utilisateurs lambarsu ta ɓoye da Access ke gane su da ita ɗaya ce a duk Access ɗin duniya, ma'ana duk wanda ya kwashi fayil ɗin a kile USB, abin da aka bar ma Utilisateurs a buɗe to nashi ne. Matsalar sabuwar kwamfutar dai na gyara, na mayar da gajeriyar hanyar.

Saura maganar kontabul, ita ce ta sa nake nemanka. Rukunin Kontabul shina nan cikin jerin, sunanta na ciki, amma izininshi duka ya bushe a kan tsofaffin tabul. Abin da na fahimta wani ya goge rukunin sannan ya sake ƙirƙiro shi da suna ɗaya. Shi kuwa Access ba suna yake kallo ba, lambar ɓoye yake kallo wadda yake haɗawa daga sunan da kuma PID ɗin nan mai harafi 4 zuwa 20 da ake sawa ran da aka ƙirƙiri rukuni, kamar dai mutum biyu masu suna ɗaya amma lambar katin ɗan ƙasarsu daban. Tsohon izini na can cikin fayil shina jiran tsohuwar lamba, sabon rukuni kuma baƙo ne a wurinshi.

Wa ya goge? Nan gizo ke saƙa. Sai wanda ke cikin rukunin Administrateurs, masu ikon gudanarwa, zai iya, kuma asusun Alhaji ne ke ciki, kod ɗin Alhaji kuwa har mai kawo mana shayi ya san shi, don duk sanda ya tahi Dan Isa ko Katsina sai ya bugo waya ya karanta ma wanda ke kusa. Kuma Access ba ya ajiye tarihin wa ya canza izini ko yaushe, babu wani littahi da zan buɗe in ce ga shi ranar kaza ƙarfe kaza. Na gaya ma Alhaji haka ƙiri-ƙiri, cewa ni ba zan ɗora ma kowa laifi ba tunda inji bai rubuta ba, kuma yaron magazan da asusunshi ba shi da ikon taɓa rukuni ko ya so. Ya yi shiru, ya ce to a bar shi ya ci gaba da aiki, amma na ga har yanzu kallon-kallo ake. An dai canza kod ɗin, na kuma ajiye kwafin .mdw ɗin a kile daban.

Yanzu dan Allah ka duba min kayanka. Na tuna kana da wani ƙaramin kaye, littahin nan da ka rubuta sunayen rukunai da PID ɗinsu, har da sunan kamfani da lambar da ka sa ran da ka haɗa .mdw ɗin. In ka same shi zan goge wanga sabon rukuni in sake yin shi da ainihin lambar, izini ya dawo da kanshi. Ka duba da kyau wane harafi ne babba wane ne ƙarami, don in an kuskure ɗaya wata lamba ce za ta hito. In ya ɓata ba komai, zan bi tabul da rekat da fom ɗaya bayan ɗaya in sa maki da hannu, sai dai ban san duk abin da ka ba ta da abin da ka hana ta ba, dole mu yi waya ka tuna min.

Wani abu kuma, mai gyaran nan shina ta zuga Alhaji a mayar da fayil ɗin .accdb wai shi ne na zamani. Na ce kul. Tun Access 2007 da aka kawo .accdb Microsoft ta cire wanga tsari na rukunai daga cikinshi, ranar da aka juya fayil ɗin duk Kes da Magazan da Kontabul sun tahi kenan, sai kod ɗaya na buɗe fayil, wanda ya shiga ya ga komai. Ni ma na san ba za mu dawwama a haka ba, Office 2003 da Windows XP tun Afrilun 2014 aka daina kula da su, kuma manhajojin fasa kod ɗin .mdw sun cika intanet. Ra'ayina a kwashe tabul ɗin a kai SQL Server Express, wata manhajar ajiyar bayanai ta Microsoft, tunda kyauta ce, a bar fom ɗinka na Access a gaba yadda yara suka saba, amma wannan sai bayan kaka in ciniki ya lafa, kuma sai Alhaji ya yarda ya sayi batir ɗin da zai riƙe inji in an ɗauke wuta, wanda kullum sai ya ce gobe. Me ka gani kai?

In ka samu kayen kada ka tura hoton a gurup ɗinmu, ka kira ni da dare bayan isha'i ka karanta min. A gaida madam da yara, 'yan fada duk suna gaishe ka.

Naka,
abokinka na Maradi