Wasiƙa zuwa ga 'yata mai shirin kama aiki a cibiyar tura motocin asibiti

'Yata, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Tun da an sa miki ranar kama aiki, bari in faɗa miki yadda ɗakin nan yake tafiya.

Kira ɗaya yakan bi ta hannun mutum biyu ko uku. Mai amsa kira ita ke magana da jama'a, kuma a nan za a fara zaunar da ke. Mai tura motoci ba ya magana da mai kira, idonsa na kan taswirar da ke nuna inda kowace mota take, bakinsa na kan oba-oba. Akwai kuma nas ko jami'in agajin gaggawa da ake miƙa wa kiran da ya rikice, ko wanda shawara ta waya za ta wadatar. Shugaban duti ke karɓar ragama idan babban haɗari ya auku, shi ne kuma ke haɗa kai da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana.

Adireshi ake fara tambaya, kafin ma a ji me ya faru, sannan lambar waya. In layi ya katse kina da adireshi, mota za ta iya tashi. In kuwa labarin ciwo kawai kika ji, ba inda za a tura ta. Ki maimaita wa mai kira adireshin, ki nemi wata alama da direba zai gane, domin tituna biyu kan yi suna ɗaya, kuma wurin da wayar hannu ke nunawa ba kullum yake daidai ba. Da zarar kin shigar da shi a kwamfuta ya bayyana gaban mai tura motoci, saboda haka ki gaya wa mai kira cewa tambayoyinki ba sa tsayar da motar. Rashin jin haka ne ke sa mutane su yi ta ihu.

Sai tambayoyi biyu kan mara lafiya: yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi yadda aka saba? Kada ki yar da "yadda aka saba". Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi kakari, ya ja iska jefi-jefi kamar mai minshari, 'yan uwa su ce miki ai yana numfashi. Nan ne aka fi yin kuskure a aikin nan. In ba ya motsi kuma numfashin ba daidai ba ne, ki ɗauka zuciya ta tsaya. Ki sa a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Ki riƙa ƙirgawa da ƙarfi suna bin muryarki. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, mota kuwa da wuya ta iso cikin wannan lokaci. Kada ki ce "ko za ka iya?" Umarni za ki ba mai kira, gajere, ki kira sunansa.

Tambayoyin da ke kan allo ki bi su a jere, ko da kina ganin kin riga kin gano ciwon. Amsoshinsu ne ke fitar da matakin gaggawa, shi ya sa wanda ya kira daga baya da ciwon ƙirji zai riga mai targaɗe samun mota. In alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ki rubuta lokacin da aka ga mutumin lafiya lau na ƙarshe, domin likitoci da shi za su yanke irin maganin da za a iya ba shi.

Kada ki yi alkawarin minti kaza. Mota kan maƙale a ƙofar asibiti tana jiran a karɓi mara lafiya, ko a juya ta a hanya zuwa ga wanda ya fi jin jiki. Ki ce a sake kira in hali ya canja, a buɗe ƙofa, a kunna fitilar waje, wani ya tsaya a bakin titi.

Ana naɗar kowane kira, ana kuma sauraren wasu don duba aiki. Sirrin mara lafiya ba ya fita ɗakin, ko a gida kada mu ji. In wani kira ya tsaya miki a rai, musamman na yaro, ki gaya wa shugaban duti ki nemi 'yan mintuna kafin ki ɗauki na gaba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki