Malam Edita, ku ji ta bakin masu riƙe da aji ma

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina fata kana lafiya kai da abokan aiki, ya zafi, ya haƙuri da mu masu sauraro. Ni malamin firamare ne a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ajin SIL da CP nake riƙewa, wato ƙananan nan da suka fara shigowa lakwal, makarantar boko. Shirin da kuka yi kan yaran da suke kaiwa CM2, ajin ƙarshe na firamare, har su zauna jarrabawar CEP ta gama firamare amma basu iya karanta layi ɗaya ba shi yasa nake rubuto maka, domin kusan duk wanda ya bugo waya ranar mu malamai ya ɗora wa laifi, wai bama zuwa aiki, wai albashi kawai muke jira. Toh akwai irin waɗannan ban musa ba, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Ajina yara sun haura ɗari, benci ɗaya mutum biyar ko shida, sauran a ƙasa, in watan Maris ya kama rufin kwano ya ɗau zafi zuwa ƙarfe sha ɗaya rabinsu gyangyaɗi suke. Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce a Kamaru, yara suka yi ta shigowa Alhamdulillahi, amma malamai basu ƙaru yadda yara suka ƙaru ba, shi yasa makarantu da yawa a arewa malaman iyaye ne suke riƙe da su, waɗanda ƙungiyar iyaye APEE take biya ɗan abin da ba ya kai su rabin wata, wasu ma basu taɓa shiga ENIEG, makarantar horar da malamai, an koya musu yadda ake koyarwa ba. Mu masu takardar koyarwa kuwa kun dai ga yajin aikin malamai na OTS a 2022 kan haƙƙoƙinmu da ba a biya ba, ba sai na maimaita ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi damuna ba. Yaro ne zai zo mana yana shekara shida, a gida Hausa yake ji ko Fulatanci ko Fali ko Tupuri, bai taɓa yin hira da Faransanci ba ko sau ɗaya, ranar farko mu ce ya koyi karatu kuma ya koyi yaren da ake karatun da shi duka lokaci guda. Me zai yi? Hadda zai yi, yaranmu kuwa gwanaye ne wajen hadda. In na ce a karanta shafi duk aji zai ɗauka da waƙa har makwabta su ji su ce kai malamin nan yana aiki, amma in na sa yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi na ce ke Hadiza mene wannan, sai ta koma farkon shafi tana rerowa a hankali har ta iso wurin. Ga rubutun Faransanci da nasa rikici, o da au da eau duk sauti ɗaya, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a faɗa.

Abin mamaki yaran nan da yawansu da asuba daga makarantar allo suke fitowa, kuma alaramma bai taɓa fara musu da shafi ba, babbaƙu yake fara koya musu harafi harafi sai sun zauna sannan a shiga farfaru a sa wasali. Tsarin da ni ma na koma bi kenan. Kafin mu buɗe littafi ina ɗaukar ɗan lokaci na rubuta gaɓar "ka" da gaɓar "za" a tablo, wato allon aji, su haɗa da kansu, kuma wallahi Malam Edita ka so ka ga fuskar yaro lokacin da ya ji bakinsa ya ce kaza ya gane ashe kazar gidansu ce a jikin allo, ihu yake yi. Daga nan gida, ruwa, tuwo, masu Fulatanci na basu nasu kosam da nagge, wato nono da saniya, kowa ya rubuta a ardwaz, ɗan allonsa na hannu, ya ɗaga. Wanda ya gane cewa harafi sauti ne, in an dawo Faransanci yaren kawai ya rage masa. Wani babba ya taɓa leƙowa ya ga Hausa a tablo ya ɓata rai, na ce ranka ya daɗe dokar ilimi ta 1998 da kanta ta ambaci ɗaukaka harsunan ƙasa, kuma shirin ELAN na koyarwa da harsunan gida ya gwada koyarwa da Fulatanci a wasu makarantu, ban zo da bidi'a ba.

Da yake lokacin aji ba ya isa, sai muka fara zama ranar Asabar da hantsi a gindin dalbejiya ƙofar gidan mai unguwa. Matan adashi ne suka sayi tabarmi da alli, wani tela ya bamu kwalaye muka yanka muka rubuta haruffa, 'yan lise, wato sakandare, na unguwa kowa ya ɗauki yara kaɗan ya zauna da su. Littafi ne babu, na Hausa na yara sai an yi saƙo Najeriya ta Mubi ko Yola, dan haka tatsuniyoyin da tsofaffi suke bamu muke rubutawa da hannu a kaye, littafin rubutu. Yanzu har iyaye mata suna zama a gefe wai rakiya suka zo, alhali ina ganin bakinsu yana motsi. Matsalar da ta rage lokacin dashen masakwa da tsinkar auduga yaran bayan gari ɓacewa suke, 'yan mata kuma talla.

Roƙona biyu ne. In za ku sake irin wannan shiri ku gayyato malamin SIL ko malamin iyaye na ƙauye, ba manyan ofis kaɗai ba. Sannan dan Allah ku ware mana ko minti goma sha biyar ranar Asabar a riƙa karanta wa yara gajeren labari da Hausa da Fulatanci a hankali ana faɗin haruffa, tunda rediyo ta fi littafi yawa a gidajenmu. Labaran muna da su a rubuce, in kuna so zan kawo har tasha.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka mai sauraro,
Wani malamin firamare, Garwa