Godiya ga ma'aikatan ofishin baƙi na Furnace Creek, a Kwarin Mutuwa

Zuwa ga ma'aikatan ofishin karɓar baƙi na Furnace Creek, a gandun Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, da ke jihar Kalifoniya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, cikin harshen da mahaifina yake ji, domin shi ne ya ce lallai a rubuta, kuma a karanta masa kafin a aika. 'Yata ta juya muku ita zuwa Turanci. Wannan kuwa ta 'yan uwa ce, musamman masu niyyar ɗaukar tsoho ko yara su shiga wannan hamada.

A watan Fabrairu muka zo muku, mu biyar: ni da maiɗakina, da 'ya'yanmu biyu, da Baba, wanda ya zo mana ziyara daga Damagaram. Shekarunsa 78, gwiwa ta fara ƙi, ga ciwon suga. Saboda shi na yi hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV. Akwai gado, da murhun gas, da firji, da makewayi, da tankin ruwa, yadda duk inda ya gaji sai a tsaya ya miƙe. Muna idar da sallar asuba muka bar Las Vegas, muka bi ta Pahrump, muka hau hanya mai lamba 190. Ba a daɗe da buɗe ofishinku ba muka iso.

Na shigo da takardata a hannu, na jera wurare biyar da nake so mu gani kafin faɗuwar rana. Matar da ke bayan kanta, mai riga ruwan toka da wando kore, ta karɓi takardar, amma ba ita ta fara dubawa ba. Ta leƙa ta taga ta ce, motarku ƙafa nawa ce? Na ce 30. Nan take ta soke wurare biyu, Artists Drive da Dante's View. Ta ce duk motar da ta wuce ƙafa 25 ba a yarda ta hau waɗannan hanyoyi ba, saboda kwana-kwanarsu matsattsu ne, doguwar mota tana iya maƙalewa inda babu wurin juyawa. Raina bai so ba, don Dante's View ne na fi ƙwallafa wa rai. Ba ta bar ni da ɓacin ran ba. Ta dubi Baba da sandarsa, ta tambayi iya nisan da yake takawa. Ta tambayi ruwan sha nawa muka ɗauko, ban da na tanki, ta ce a lissafa wa kowane mutum aƙalla lita 4 a yini. Ta gaya mini yawancin kwarin babu sabis na waya, ta kuma kewaye mini wuraren da ake samun mai a kan taswira. Sannan ta juya tsarin nawa gaba ɗaya: Badwater yanzu-yanzu tun rana ba ta yi ƙarfi ba, a dawo a huta da azahar, tudun yashi sai da yamma, tudun hange na Zabriskie Point kuma a bar shi sai ketowar alfijir.

Baba ba ya jin Turanci, amma yana kallon hannunta da alƙalaminta. Ya taɓo ni ya ce, “Tambaye ta, ita ce madugun wurin nan?” Da na fassara mata, na bayyana mata cewa madugu shi ne shugaban ayari, wanda kafin a tashi yake duba ƙarfin dabbobi da yawan ruwan salka, sai ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai. Duk abin bai wuce minti 10 ba, ga layin mutane a bayanmu, amma ko sau ɗaya ba ta nuna mana gaggawa ba.

Daga ofishinku zuwa Badwater kilomita 27 ne. Can ne wuri mafi zurfi a duk Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da doron teku. A jikin dutsen da ke bayan wurin ajiye motoci an kafa wani allo can sama, yana nuna inda tekun zai tsaya da a ce ya malalo. Yara suka daɗe suna ɗaga kai. Baba kuwa ƙasa yake kallo. Muka gangara da shi a hankali ta kan katakon da aka shimfiɗa, har ƙafarsa ta taka farin. Gishiri ne shimfiɗe iya ganin ido, ya tsattsage gida-gida kamar saƙar zuma, yana ƙara ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin takalmi. Ya dafa kafaɗata ya durƙusa, ya lakaci kaɗan da yatsa ya kai bakinsa, ya yi shiru. Shekaru masu yawa ya yi yana sayen kantun gishirin Bilma a hannun Buzaye, amma bai taɓa taka Kawar, yankin da Bilma take, ba, labarinta kawai yake ji a bakin masu raƙuma. Ya ce, “Ashe haka uwar gishiri take.” Na juyar da kaina don kada yara su ga idona.

Ya so ya ɓamɓaro ɗan guntu ya kai tsaraba gida. Wani ma'aikacinku da ke zagayawa a wurin ya matso, ya cire hularsa, ya gaishe shi tukuna, sannan ya gaya mini dokar gandun ta hana ɗaukar komai, ko tsakuwa ce. Hana tsoho abu sai da dabara, shi kuma ya iya. Ya tsuguna kusa da Baba, ya nuna masa yadda ruwan sama ke wanko gishirin daga duwatsu, ya taru a kwarin da ba shi da mafita, rana ta shanye ruwan ta bar farin. Ya ce ruwan da ake samu a shekara guda bai fi santimita 5 zuwa 6 ba, amma a watan Agustan 2023 an zuba kusan na shekara a yini ɗaya, har tafki ya kwanta a inda muke tsaye. Baba da kansa ya mayar da guntun inda ya ɗauko shi.

Da azahar muka koma inuwa kusa da ofishin. Maiɗakina ta ɗumama dambun da ta yo tun dare, aka ci a cikin mota. Muka cika goruna a famfon da kuka tanada. A nan na gane amfanin shawarar hutun nan, domin ko a Fabrairu ranar wurin tana da cizo, balle a bazara. A Furnace Creek ɗin ne aka auna zafin digiri 56.7 a ma'aunin Selsiyas ranar 10 ga Yuli, 1913. Da za mu yi salla, wata ma'aikaciya ta nuna mana gefen da babu masu kai da kawo, ta kuma nuna mini arewa a kan taswira, tunda daga Kalifoniya alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas. Baba ya yi ta mamakin wannan, shi da ya saba fuskantar gabas tun yana yaro. Dabinon da ke tsaye a Furnace Creek ma ya sa shi magana, ya ce gishiri da dabino, kayan ayarin Bilma ke nan cif.

Mun tsaya a kangon Harmony, inda aka yi aikin wani farin ma'adini mai kama da kanwa da ake kira boras, daga 1883 zuwa 1888. Leburori 'yan Sin ne ke kankaro shi, a loda a manyan amalanke, alfadarai 18 da dawakai 2 su ja shi kilomita 265 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave, tafiyar kwana 10. Amalanken na nan har yau, tayar baya ta fi ni tsawo. Na ji daɗi da allunan ofishinku ba su ɓoye cewa akwai masu ƙasa tun kafin zuwan Turawa ba, wato mutanen Timbisha Shoshone, waɗanda har yanzu suke zaune a kwarin. Sunan Kwarin Mutuwa ma ba nasu ba ne, masu neman zinariya da suka ɓata a 1849 ne suka laƙaba masa.

Da la'asar sakaliya muka isa tudun yashi na Mesquite. Yara suka tuɓe takalma suka ruga. Baba ya zauna a kujera a ƙofar mota da shayinsa, yana kallon inuwar tuddan tana tsawo.

A sansaninku na Furnace Creek muka kwana. Mutumin da ke kula da wurin, dattijo ne shi ma, ya ga ina juya igiyar wuta ban san inda zan sa ba, ya zo da tocila ya nuna mini yadda ake jona wuta da ruwa, da inda ake zubar da ruwan datti da safe. Bayan isha'i muka kashe fitilu duka. Ban taɓa ganin taurari haka ba tun da na bar gida. Baba ya ɗaga sanda ya nuna wa jikokinsa Kaza da 'ya'yanta, waɗanda a Las Vegas hasken birni bai taɓa barin su gani ba.

Da safe, bayan mun sauko daga Zabriskie Point, ƙaramin ɗana ya kawo littafin yara da kuka ba shi, ya cike shi. Matar nan ta jiya ta duba kowane shafi, ta sa ya ɗaga hannu ya yi alkawarin kula da gandun, ta maƙala masa baji a riga. Sannan ta zagayo daga bayan kantar ta yi sallama da Baba.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aikinku cikin wannan zafi. Ban riƙe sunayenku ba, amma ku kun san kanku. Taswirar nan da aka yi wa zane da jan alƙalami, Baba ya naɗe ta cikin jakarsa. Ƙanwata ta gaya mini tana zaurensa a Damagaram, duk wanda ya zo gaisuwa sai an buɗe masa ita an nuna masa inda gishirin yake.

Naku,
Wani ɗan Damagaram mazaunin Las Vegas, a madadin mahaifinsa da iyalinsa.