Rahoton ayyukan shekara ga membobi: shigo da ƙananan taraktoci da haɗa su a jihar Tawa

Assalamu alaikum alhazai ƴan kasuwa, malamai makanikai, shugabannin ƙungiyoyin lambu da iyayenmu mata masu noman rani. Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton aikin bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a babban taro. Wannan takarda ta shafi injuna ne: yadda suka iso, yadda aka haɗa su, da abin da ya riƙa tsayar da su a gona.

Hanyar kaya

Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville, tsakanin Nijar da Benin, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano sun koma Lome. Daga can sai su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, su shigo ta Tera zuwa Yamai, sannan a ƙara fiye da kilomita 500 kafin Tawa. Kuɗin dako ya ƙaru, amma abin da ya fi cutar da membobi shi ne lokaci. Mai albasa a Galmi, Madawa ko Ƙonni yana zuba iri a watan Oktoba, ya yi dashe a Nuwamba da Disamba. Taraktar da ta iso a Janairu ta rasa aikin da aka saye ta dominsa, ga bashi yana jira. Don haka muka tsayar cewa odar haɗin gwiwa za ta riƙa fita kafin damina ta sauka. Akwatin da ya daɗe a bakin teku kuma yakan zo da tsatsa a bakin fuli da mataccen batir. A riƙa duba lambar inji da lambar gangar jiki tun kafin a loda, a tabbata sun yi daidai da na takarda, domin harafi ɗaya ya isa ya tsare kaya a duwan.

Wace iri za a saya

Wannan ce muhawarar da ta fi zafi a zamanmu na bana. Kashi uku ne ke gasa a kasuwarmu. Akwai ta Sin mai ƙafa biyu da ake bi a baya, irin Dongfeng da Sifang, mai inji silinda ɗaya, yawanci S195 mai ƙarfin doki 12 ko ZS1100 mai 15. Akwai ta Indiya mai ƙafa huɗu, Mahindra da Sonalika da Massey Ferguson ɗin da kamfanin TAFE ke ƙerawa. Sai kuma ta Japan, Kubota da Yanmar, waɗanda mafi yawansu na hannu ne suke iso mana.

Babu mai musun ingancin ta Japan. Injinta bai cika shan mai ba, kuma yana da laushi. Matsalarta ita ce an yi da yawa cikin tsofaffin nan don kasuwar Japan kaɗai, littafinsu da harshen can yake, kuma idan fistin ko famfon ruwa ya tafi, sai a yi watanni ana nema. Wasu tsofaffin ma, kamar Kubota B6000, sandar da ke juya kayan aiki a bayansu tana juyawa ne saɓanin yadda aka saba, garmar kasuwa ba ta shiga sai da dabara. Ta Sin ba ta kai ta ƙarko ba, amma injinta ɗan gida ne: dangin wanda ke jan injin niƙa ne a kusan kowane ƙauyen Adar, ringi da nozul ɗinsa suna nan a Tawa da Ƙonni, kuma yaron gareji na iya kwance shi da safe ya mayar kafin la'asar. Ta Indiya ta dace da mai fili babba ko mai yin haya a fadamun Maggiya da Tarka, in dai mai sayarwa yana da kayan gyara a ajiye, ba a baki ba.

Matsayin kwamiti shi ne kada a bi fenti. Mun ga akwatuna ɗauke da suna ɗaya, amma injunan ciki daga masana'antu daban-daban. Farantin da ke jikin inji shi ne abin karantawa. A gurguje ma a gane: 95 na S195 faɗin silinda ne da milimita, ZS1100 kuwa 100 ne, kuma tsarin ƙona mansu ba ɗaya ba ne, saboda haka fistin da nozul ɗin wannan ba sa aiki a wancan ko da sun yi kama a ido. Mun ba da shawarar membobi su tsaya kan waɗannan injuna biyu a ɓangaren mai ƙafa biyu, don rumbun kayan gyaranmu ya iya ɗaukar nauyinsu.

Aikin haɗawa

Nan ne mafi yawan ƙarfinmu ya tafi, kuma nan ne ake asarar da ba a gani. Mai ƙafa biyu tana zuwa ne a warwatse: inji daban, akwatin giya daban, tayoyi, hannuwa da garma mai juyawa kowanne daban. Tsarin da muka koyar a horon makanikai shi ne a fara ƙirga kaya da takardar akwati kafin a taɓa sufana. A ɗora inji kan gangar jiki ba tare da an ɗaure notuna tam ba, a miƙa zare ko miƙaƙƙen ƙarfe daga fulin inji zuwa fulin kuloci, sai sun hau layi ɗaya sannan a ɗaure. In aka kuskure wannan, bel zai riƙa cin gefe ɗaya, ya yi zafi, ya tsinke cikin ƴan kwanaki, mai ita kuma ya ce bel ɗin jabu ne. Idan an danna tsakiyar bel da yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kuma ba a canja ɗaya a bar sauran. Duka ake canjawa tare.

Ɗan man da ke cikin sabon inji ba na aiki ba ne. A zubar, a sa man inji mai lamba 15W-40 zuwa alamar sanda, akwatin giya kuma a ba shi mai lamba 90. Kwanon matatar iska sau da yawa a bushe yake zuwa, kuma in ba a zuba masa mai zuwa layinsa ba, ƙurar hunturu kai tsaye take shiga silinda. Wuƙaƙen garma akwai na dama akwai na hagu. Wanda ya jera su barkatai zai ga ƙasa na taruwa gefe guda, hannuwa na fizgar mai tuƙi. Bayan an fitar da iska daga bututun gazuwal, a bar injin ya yi aiki marar nauyi tukuna, a sake bin notunan taya da na kan silinda, a canja mai a awa 50 na farko.

A mai ƙafa huɗu, abin da ya fi jawo komawa kasuwa shi ne maratayar baya, inda ake ɗaura garma. Ƙananan taraktoci aji na ɗaya ne, ƙusoshin ƙasa milimita 22, ta sama 19. Garmar babbar tarakta kuwa 28 ce da 25. Sandar juyi kuma ta zama mai haƙora shida, tana juyi 540 a minti.

Abin da ya fi kawo injuna gareji

Uku ne, kuma babu wanda ya shafi sunan kamfani. Gazuwal na kwalba mai ruwa da datti yana cinye famfon mai da nozul. A saya a gidan mai, a bar shi ya kwanta kwana biyu a duro, a ɗebi na sama. Ruwan rijiya mai gishiri yana barin farar dasashi a tukunyar sanyaya inji har zafi ya kasa fita, gasket ya ƙone. Na ukun shi ne matatar iska da ba a wankewa. Lokacin ƙura kullum ne aikinta, ba mako-mako ba.

Mun samu saɓani da wani mai shigo da kaya da ya sayar wa membobi da alkawarin garanti, ya kasa kawo ko gasket ɗaya. An sasanta, ya biya kuɗin gyara. Daga yanzu ƙungiya ba za ta sa hannu a ciniki ba sai an haɗa kowace tarakta da bel, ringi, nozul, matatar mai da jerin wuƙaƙe na ajiya.

Wasu membobi sun tambayi dalilin da ba za mu nemi masana'anta irin ta Samanko a Mali ba, wadda aka kafa don haɗa Mahindra. Burin yana da kyau, amma cinikinmu bai kai ya ciyar da ita ba tukuna. Abin da ke hannunmu shi ne tirela, garmar huɗa da tayoyin ƙarfe na laka. Garin Tawa, inda masana'antar ACREMA ta daɗe tana ƙera amalanke da kayan noman shanu, ba ya rasa masu walda, kuma bana tirelolin da membobi suka ɗaura duk a nan aka yi su.

A shekara mai zuwa za a kai horon haɗawa Madawa da Kaita. Duk mai tarakta ya zo babban taro da lambar injinsa a rubuce, don da ita za a tsara odar kayan gyara ta gaba.

Kwamitin gudanarwa