Marubuta labaran matan da, ku leƙa cikin tukunyarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da marubutanmu masu ƙaga labarai kan rayuwar matan da, musamman masu ɗora labarin ƙawaye biyu kan tsohuwar Kano. Aikin abin yabo ne, amma sau da yawa kayan da ake damƙa wa matan ba na zamaninsu ba ne, shi ya sa wahalarsu ba ta shiga ran mai karatu.

Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Matar da ta rayu a gindin Dala zamanin Bagauda, wanda tarihin Kano ya sa hawansa a 999, ba ta taɓa soya ƙuli-ƙuli ba. Tuwonta na gero ne ko dawa, miyarta kuka ko kuɓewa, manta na kaɗanya ko na shanu, yajinta kimba da masoro. Kuɗin wuri sai a zamanin Sarki Sharefa (1703 zuwa 1731) ya shigo Kano. Darbejiya kuwa zuwan Turawa ce, don haka mai jego ta wancan lokaci da ganyen tsamiya za a yi mata wanka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna ƙawance da zaman hira kawai. Ƙawancen matan karkara a wurin aiki yake ƙulluwa, domin akwai ayyukan da hannu ɗaya ba ya iya su. A duba daddawa. Ana dafa kalwa wuni guda, wani lokaci har da dare, sai an yi ta ƙara ruwa da itace. A sauke, a surfa ta a turmi da ɗan toka ko yashi don ɓawon ya fita, a wanke sau da yawa, a tsince waɗanda ba su dahu ba, a sake dafawa. Daga nan a zuba cikin kwando ko ƙwarya, a rufe da ganye, a lulluɓe sosai ta kwana biyu zuwa uku. In aka buɗe da wuri, ko sanyin hunturu ya ratsa ta, ba za ta yi yauƙi da warin da ake nema ba, wahalar kwanaki ta tafi a banza. Wa ke tsaron wuta yayin da mai tukunya ta tafi rijiya? Ƙawarta. Nan labarin yake, da wurin lugude, inda in ɗaya ta saɓa bugu taɓarya ta haɗu da taɓarya.

Haka gudummawar biki. Abin da ƙawa ta kawo miki, ke ma in nata ya tashi sai kin mayar da ƙari. Ranar da talauci ya hana mayarwa, kunya kaɗai ta isa ta raba aminan shekara ashirin, ba sai marubuci ya ƙirƙiro kishi kan namiji ba.

In za a rubuta yunwa, a rubuta abin da aka ci. Tafasa da yaɗiya, aduwa da goriba, ƙwayar ƙarangiya da ake dakawa a sheƙe ƙayarta. Hanza kuma ɗacinta ba ya fita sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa kullum. Uwar da kukan yara ya sa ta gaggauta, cikinsu za ta ɓata. Tsofaffin mata a ƙauyukan Ringim da Gumel da Ɗambatta sun san waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Marubuci ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya zauna da su tun suna raye.

Wassalam.

Daga wata mai karatu,
ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.