Wasiƙa daga Austin a kan Shugaba Johnson

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe min da Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya.

Ranar Asabar na je ɗakin tarihin tsohon shugaban Amurka Lyndon Johnson a nan Austin, jihar Texas, sai na tuna musun da muka sha yi a kansa, kai kana cewa hannunsa duk jini ne saboda yaƙin Biyetnam, ni ina kare shi.

A kan ayyukansa na cikin gida ina nan a kan bakana. A 1928 malamin makaranta ne a garin Cotulla, yana koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko da ke zuwa aji ba su karya ba. Shi ne ya sa hannu a dokar 2 ga Yuli, 1964, wadda ta haramta nuna wa baƙar fata wariya a otal da gidan abinci da wurin aiki. Da 'yan sanda suka lakaɗa wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe duka a gadar garin Selma a Maris 1965, ya matsa wa majalisa lamba har ta zartar da dokar kare 'yancin zaɓe na baƙar fata. A jihar Misisipi, kafin dokar baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba, amma a 1967 sun kusa kashi 60. Ga kuma Medicare, inshorar lafiya ta tsofaffi.

Abin da ya sanyaya min jiki shi ne muryarsa. A wurin akwai wayoyin da za ka ɗaga ka kara a kunne, ka ji hirarrakinsa da aka naɗa. Da na koma gida na nemo wadda ya yi da mai ba shi shawara McGeorge Bundy a Mayu 1964. Da bakinsa yake cewa Biyetnam ba ta cancanci a yi yaƙi dominta ba, kuma bai ga hanyar fita ba. Ashe ya sani! Duk da haka, a 1968 sojojin Amurka da ke can sun haura 500,000, ga bama-bamai ana ta zuba wa ƙauyuka. Ranar 31 ga Maris na shekarar ya ce ba zai sake tsayawa takara ba.

Wallahi na daɗe zaune ina tunanin mutanen ƙauyukan nan. A wannan gaɓa ka fi ni gaskiya. Zan turo maka hirar, ka saurara ka faɗa min yadda ka ji ta.

Wassalam,
Naka amini