Kafin Ka Sayi Ƙaramar Mota, Tambayi Abin Da Take Ci A Wata

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan sayen ƙaramar mota, irin mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda injinta bai wuce lita 1.3 zuwa 1.6 ba, kamar su Toyota Yaris da Kia Rio da Hyundai Accent da Nissan Almera. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da na sayi irinta, abokan aiki suke ta zuwa neman shawara, kuma na lura kowa da tambaya ɗaya yake farawa, wato nawa na saya, alhali tambayar da ta kamata mai albashi ya fara yi ita ce nawa motar take ci a wata.

Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama aiki, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen naira 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. A lokacin ina da tsohuwar mota mai silinda shida, wadda saboda ita ake ce mini Alhaji a unguwa tun ban je Makka ba. Ba a daɗe ba ta zama ado a ƙofar gida, awaki suna shan inuwa a gefenta, ni kuma ina tare Keke Napep zuwa makaranta. Mahaifiyata tana Bauchi, tafiyar kilomita 150 da ɗoriya daga nan Gombe, kuma a lissafina zuwa da dawowa waccan motar takan sha lita 35, ta yanzu kuwa lita 20 ta ishe ta har da zagayen gaida 'yan'uwa a cikin gari.

Sabuwa gal dai ba maganar malamin makaranta ba ce. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kuma da farashin dalar ne kwastan suke lissafa kuɗin fito, shi ya sa har 'yar Baljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita, ta yi tashin gwauron zabo. Abin yakan ba ni takaici idan na tuna cewa iyayenmu sun sayi Fijo 504 sabuwa da bashin mota na gwamnati, wadda aka haɗa a Kaduna, a zamanin da masana'antar Steyr take haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi. Mu dai zaɓinmu bai wuce biyu ba, ko Baljiyam ko ta hannu, kuma a duka biyun mutum yana iya sayen wahala da kuɗinsa.

Saura ƙiris ni ma in faɗa. Na ga wata fara tas a wajen wani dillali, fenti yana ɗaukar ido, kujeru ba ko ɗigon datti. Dillalin ya ce mini, "Malam, wannan ko allura ba za ka saya mata ba, ka zuba mai kawai ka kama hanya." Har na fara maganar kafin alƙalami, sai bakaniken da na zo da shi ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa, ya ciro tayar safaya, ya ce, "Maigida, zo ka sa hannu a nan." Busasshen taɓo ne kwance a ramin tayar, ƙusoshin da ke riƙe da kujeru duk sun yi tsatsa, ga wani warin rima da turaren da aka fesa bai iya rufewa ba. Motar ambaliya ce ta cinye ta a can ƙasar waje aka yi gwanjonta, aka wanke ta aka kawo mana. Irin waɗannan motoci sukan yi lafiya na wata biyu ko uku, daga nan wayoyin wuta su fara ruɓewa, yau fitila gobe ƙwaƙwalwar mota, har mai ita ya gaji. Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma idan daga Amurka aka shigo da ita ana iya bincika tarihinta da wannan lamba a intanet, a ga ko ta yi hatsari ko ta sha ruwa. A kuma lura cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ga shi wasu suna mai da agogon baya. A sa bakanike ya leƙa ƙasa ya tabbatar ba a ƙwaƙule abin nan na salansa mai tace hayaƙi da suke kira indomi ba, domin ana cire shi a sayar.

Inda na fi so a natsu shi ne wajen giya. Da yawa daga cikin ƙananan motocin zamani, musamman na Nissan, suna zuwa da wata irin giya mai sarrafa kanta da ake kira CVT, wadda take rage shan mai amma tana da nata man giya na musamman, kuma idan aka zuba mata na gama-gari sai ta fara zamewa, gyaranta kuwa ba kowane gareji ne yake iyawa ba. Ni na zaɓi mai kuloci, domin ko a Alkaleri ta tsaya mini na san zan sami mai gyara. Kafin in biya kuma na shiga wajen masu sayar da kayan gyara na tambayi kuɗin fitilar gaba da shokazoba da gilashi. A nan na gane cewa Toyota ta fi tsada wajen saye amma kayanta sun fi samuwa, kuma tana riƙe daraja ranar sayarwa, yayin da Rio da Accent suka fi sauƙin kuɗi, kuma da yake kamfanoninsu 'yan gida ɗaya ne na Koriya ta Kudu, wasu kayan nasu suna shiga wa juna.

Maganar takardu ba ta wasa ba ce. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk motar da aka ce 'yar Kwatano ce kuma kuɗinta ya yi araha fiye da kima, a je ofishin kwastan a tantance takardunta kafin a biya ko kwabo, a kuma gwada lambar casis da ke jikin mota da ta jikin takarda. A ware kuɗin canjin mallaka da na inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Ba zan ɓoye aibin ƙaramar mota ba. Gindinta a ƙasa yake, da damina kuma wanda yake zaune a unguwar da zaizayar ƙasa ta cinye hanya sai ya riƙa lallaɓa ta. Mutum biyar take ɗauka, ba ta son a labta mata buhunan masara daga ƙauye, kuma idan tirelar siminti daga Ashaka ta wuce ta da gudu sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Akwai kuma bakin mutane, domin wani aminina da ya gan ni a cikinta cewa ya yi, "Malam, ko koyon tuƙi ka koma?" Na yi dariya, bayan wata biyu shi ne ya fara zuwa tambayar inda na samo ta.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta tura wakilinta ofishin kwastan ya samo mana bayani dalla-dalla, cikin Hausa, a kan yadda mai saye zai tantance takardun mota da kansa ba sai ya bi ta hannun ɗan tsakiya ba, domin mafi yawanmu abin da dillali ya miƙo mana a cikin ambulan shi muke karɓa.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin sakandare,
Tumfure, Gombe.